Wa Zai Faɗa wa Na'urar Mene Ne Gida? Martani ga Mai Cewa Rubuta Ta'arifi Ɓata Lokaci Ne

Wani ɗan'uwa marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya fitar da maƙala kwanan baya a kan abin da ya sa alƙaluman da ke fitowa daga ƙananan hukumominmu ba su da tabbas. Da Kankiya da Kusada ya buga misali, har ya ambaci mazaɓar Fakuwa da Kafin Dangi. A ganinsa cutar biyu ce: ma'aikata ba su da kayan aiki, wasunsu kuma ba su da tsoron Allah, sai su zauna gindin bishiya su cike fom da ka. Maganin da ya kawo shi ne a raba musu na'urar hannu, a gyara sabis, a hukunta wanda aka kama da ƙarya. Daga nan sai ya juya kan masu zama a ɗakin taro suna rubuta ma'anar kowane gurbi da ke cikin fom, ya kira aikin nasu neman alawus da kwaikwayon Turawa, tunda a cewarsa ko yaro ya san mene ne gida, mene ne haihuwa, mene ne rigakafi.

Malam, a kan na'ura ba ni da ja. A kan ƙarya ma haka. Binciken gida-gida da aka yi tsakanin 2016 da 2017 ya nuna kashi 33 cikin 100 ne kawai na yaran ƙasar nan suka samu allurar Penta ta uku, alhali abin da ofisoshi ke turawa sama ya ninka haka fiye da sau biyu, har ta kai hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017. Duk wanda ya ce babu hannun maƙaryata a wannan giɓi bai san aikin ba. Amma ka kori maƙaryatan kaf, ka bar mutanen kirki zalla, ka miƙa wa kowa sabuwar na'ura, alƙaluman Fakuwa ba za su daidaita ba, domin masu gaskiya biyu za su shiga gida ɗaya su fito da lissafi biyu. Nan ne ka tsallake, kuma aikin da ka raina shi ne maganinsa.

Mu fara da gidan da ka ce kowa ya sani. A ce zaure ɗaya ne a Fakuwa. A ciki akwai dattijo da matansa biyu, da 'ya'yansa maza uku, kowanne da iyalinsa a sashensa. Biyu suna gandu da mahaifinsu, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Na ukun ya ware, yana nomansa yana cefanensa, amma ta zauren nan yake shiga. Akwai 'yar gidan da aurenta ya mutu ta dawo da goyo. Akwai almajirai biyu da ke kwana a zaure, ana zuba musu tuwon dare. Akwai saurayin da ya tafi cirani tun bayan girbi, ba za a gan shi ba sai an yi ruwan shuka. Duka-duka a ce mutum 26. Gida nawa ke nan?

Mai ɗigon foliyo zai ce ɗaya, don ƙofa ɗaya zai yi wa alama da alli. Mai binciken lafiya da yawan jama'a, wanda ƙa'idarsa ita ce mutanen da ke zaune tare, suna ci tare, sun yarda da shugaba ɗaya, zai ce biyu. Mai unguwa zai ce huɗu, don shi magidanta yake ƙirgawa, kamar yadda aka saba tun zamanin haraji, kafin Balarabe Musa ya soke shi a 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Masu binciken da suka bi sawun rabon gidan sauro na Kano a 2009 kuwa, kowace matar aure da waɗanda ke ƙarƙashinta suka ɗauka a matsayin gida guda, suka jingina miji ga uwargida. Da wannan ma'auni zauren namu ya zama gida biyar, ko shida in an ware bazawarar. A cikin mutanen nan huɗu babu wanda ya yi ƙarya.

Wani zai ce to sai me. A rabon gidan sauro na shekarun nan ƙa'idar ita ce guda ɗaya ga mutum biyu, amma kada gida ɗaya ya wuce huɗu. In ma'aikacin da ya zo rajista ya ɗauki zauren nan gida ɗaya, mutum 26 za su raba huɗu. In abokin aikinsa a ƙauyen gaba ya bi ɗaki-ɗaki, gida mai irin wannan yawa zai tashi da 13 ko kusa da haka. Bambancin yara ne za su biya shi a Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen asibiti. Daga baya in an zo tantancewa sai a ga wata mazaɓa kaya sun ƙare tun ba a je ko'ina ba, wata kuma sun yi rara, sai a ce an yi sata. Wataƙila an yi ɗin. Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: wanda ya buga fom mai gurbin "adadin gidaje" bai faɗi abin da yake nufi ba, shi ma yana da tambayar amsawa.

Kada kuma a ɗora abin a kan ƙarancin karatun ma'aikatanmu. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967, ta fitar da littafinta a kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa a 1972, ba ta iya aiki da ƙirgan zaure ba. Sai da ta kafa nata ma'aunin, wato rukunin mutanen da ke noma tare, saboda gandu da gayauna sun hana lissafin ƙofa ya faɗi wa ke ciyar da wa. A Mali kuma, Lori Beaman da Andrew Dillon sun yi gwaji da gangan: suka ba masu tambaya ta'arifin gida iri huɗu, suka sa kowanne ya yi aiki da wanda ƙuri'a ta ba shi. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna cewa sauya 'yan kalmomi a ta'arifin ya sauya yawan mutanen da aka rubuta a gida, ya sauya abin da aka ce gidan ya mallaka da abin da yake ci. Ƙwararru ne da horo da kuɗin aiki, amma lissafinsu ya bi kalmomin da aka ba su.

Haihuwa kuma, da ka ce ba ta buƙatar bayani, ita ta fi tayar mini da hankali. A fom ɗin wata-wata da kowace cibiyar lafiya ke cikewa akwai gurbin wanda aka haifa da rai, akwai na wanda aka haifa ba rai. A ce an haifi jariri da tsakar dare, bai yi kuka ba, amma ya motsa hannu, igiyar cibiya tana bugawa, bayan 'yan mintoci ya cika. Wane gurbi za a sa shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke magana: duk wanda ya fito ya nuna wata alamar rai, numfashi ne ko bugun zuciya ko bugun cibiya ko motsin gaɓa, an haife shi da rai ko da cikin bai isa haihuwa ba, mutuwarsa kuma mutuwar jariri ce. Ma'aikaciyar da ke riƙe da biro kuwa a gidan da ake karanta Risala ta tashi, inda hukuncin Malikiyya ya ce jaririn da bai faɗo da kuka ba, ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa. Kakar da ke tsaye a gefen gado ita ma abin da ta sani ke nan, ta ma riga ta ce bai zo da rai ba. Ta'arifi biyu ne, kowanne tsayayye a fagensa, kowanne da abin da aka kafa shi dominsa. Na malamai don jana'iza da rabon gado ne. Na asibiti don a gane ko a ciki jarirai ke mutuwa ko bayan sun fito. In ba a rubuta wa ma'aikaciyar wanne gurbin yake nufi ba, wanda ta sani za ta bi, kuma ba za a ce ta yi laifi ba.

Abin da zai biyo baya ba ƙarami ba ne. Yawan masu mutuwa a ciki yana nuni ga awon ciki, da hawan jini, da doguwar naƙuda. Yawan masu fitowa da rai su kasa numfashi yana nuni ga rashin 'yar jakar hura iska, ko rashin hannun da ya iya aiki da ita a mintin farko. In jarirai irin wancan suna ta faɗawa gurbin da ba nasu ba, ƙaramar hukuma za ta zuba ɗan abin da take da shi a awo, alhali a ɗakin haihuwa wutar ke ci. Ga kuma iyakar da ke tsakanin ɓari da haihuwa ba rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mako 28 domin a iya kwatanta ƙasashe, matanmu kuwa da wata suke lissafin ciki, da yawansu ma da azumi da salla suke tuna lokacin da ya shiga. Wani ya kamata ya zauna ya faɗa wa mai cike fom me za ta yi in ba a san makonnin ba.

Inda na fi mamaki shi ne cewa da ka yi rubuta ta'arifi ɗabi'ar Turawa ce da aka ɗora mana tare da kuɗin tallafi. Wanda ya durƙusa gaban malamin zaure ba zai faɗi haka ba. Abdurrahman al-Akhdari, mai Ahalarin da muka fara karatun fiƙihu da shi, yana da wani littafi a ilimin manɗiƙi, Sullam, da ya rubuta a ƙarni na 16, kuma a ciki ya ware wuri ya jera sharuɗɗan ta'arifi. Dole ya tattaro duk abin da ke ciki ya kuma hana bare shiga, abin da malamai ke kira jami'i mani'i. Ba a bayyana abu da abin da ya fi shi duhu. Ba a yin kewaye, a bayyana abu da kalmar da ita ma sai an san abin za a gane ta. Ba a sa kalma mai fuska biyu ba tare da alamar wadda ake nufi ba. Ba a cusa hukunci a cikin ta'arifi. Kafin shi, Ibn Arafa na Tunis, wanda ya rasu a 1401, ya bi babukan fiƙihun Malikiyya yana yi wa kowanne haddi, ciniki da haya da aure da saki, har aka zo aka yi wa haddodin nasa sharhi na musamman. Dubi zakkar hatsi da manomin Fakuwa ke fitarwa kowace kaka. Ba a ce masa in ka samu da yawa ka bayar ba. An ce ausuƙi biyar, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi huɗu. An kuma fayyace masa cewa gero da dawa ba a haɗa su don cika nisabi, kowanne jinsi ne mai zaman kansa. Me ake ƙirgawa, da wane ma'auni, me ke haɗuwa da me: duk an amsa, tun kafin a san za a yi kwamfuta.

Hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, tana da ƙa'ida mai lamba 11179 a kan yadda ake ajiye bayanin da ke bayyana bayanai, kashi na huɗu nata kuma kacokan a kan rubuta ma'anar gurbi yake. Ta ce a rubuta a kan abu guda, ba jam'i ba. A faɗi abin da abu yake, kada a tsaya ga abin da ba shi ba ne. A yi cikakkiyar jimla, kada a jefo wata kalma mai kama da ta farko a ce an gama. Ta'arifin ya iya tsayawa da ƙafarsa, kada ya yi kewaye, kada a cusa masa dalili ko umarnin yadda za a yi aiki. Ɗalibin da ya sauke Sullam, in aka fassara masa wannan, cewa zai yi ai bita ce. Fiye da shekara 400 ke tsakanin littattafan biyu.

Akwai inda zan ba ka gaskiya, kuma da zuciya ɗaya. Da yawa daga abin da ake kira ta'arifi a kundayen aikinmu bai cancanci takardar da aka buga shi a kai ba. Littafi ne mai kauri da Turanci, an raba shi ranar bita, ya shiga kabad bai sake fitowa ba. In ka buɗe kuma sai ka tarar an maimaita sunan gurbin ne kawai da wasu kalmomi, irin a ce sabuwar mai awo ita ce mai cikin da ta zo awo sabuwa. Wannan shi ne kewayen da Akhdari ya hana. Sabuwa a wannan cibiyar, ko sabuwa a wannan cikin? Amarya mai cikin fari za ta fara awo a ɗakin shan maganin ƙauyensu, a tura ta babban asibitin Kankiya don hoton ciki, in wata bakwai ya yi ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kusada. Ciki ɗaya, rajista uku, kowace ta rubuta ta zuwan farko. A ƙarshen shekara sai a ga masu zuwa awo sun fi masu cikin da ake tsammani yawa, masu kai zuwa na huɗu kuma sun zube, sai a shirya gangamin wayar da kan mata a kan matsalar da biro ya haifa. Amma mugun ta'arifi gyara shi ake yi, ba a cewa a daina rubutawa. Jimla biyu sun isa: zuwan farko na awo shi ne zuwan da mace ta fara yi wurin ma'aikacin lafiya don duba wannan cikin da take ɗauke da shi, a kowace cibiya ce. Wadda ta zo da kati daga wata cibiya ba ta cikin wannan gurbi. Wannan zai shiga saman shafin rajista, da Hausa, inda ido zai faɗa masa kullum.

Batun gida kuwa, ra'ayina shi ne a daina neman ma'ana ɗaya da za ta gamsar da kowa, don babu ita. Mai rabon gidan sauro wurin kwana ya dame shi. Mai rabon tallafin abinci tukunya ta dame shi. Mai taswirar rigakafi ƙofa ta dame shi. To a yi gurabe uku da suna uku, zaure da tukunya da ɗakin kwana, kowane suna da ma'ana ɗaya tak, a kuma faɗi ƙarara ina almajiri ya faɗa, ina ɗan cirani, ina baƙuwar da ta zo wanka za ta yi kwana arba'in. Hanyar gane ko ta'arifi ya nuna ba wuya: a ba ma'aikata biyu, kowanne shi kaɗai, a jera musu gidaje masu sarƙaƙiya irin na sama. In amsarsu ta bambanta, da sauran aiki a kan takardar. Wanda bai taɓa shiga irin waɗannan gidaje ba, ba zai ma san tambayoyin da zai jera ba, shi ya sa wannan zama ba na Abuja kaɗai ba ne. Mai unguwa da ungozoma da jami'in bayanai na ƙaramar hukuma sun fi kowa sanin inda fom ke karyewa. Ga makarantar koyon fasahar kiwon lafiya nan a Kankiya, inda ake yaye da yawa daga masu riƙe da rajistocin jihar nan. Ɗaliban da suka koyi tambayar "wannan gurbin me yake nufi" tun a aji, da wuya su cike shi da ka.

Rigakafi, na uku a jerin abubuwan da ka ce an sani, ga yadda yake. Tambayi uwa ko an yi wa ɗanta, za ta ce an yi, ba sau ɗaya ba, kuma gaskiya ta faɗa: masu ɗigon foliyo sun sha zuwa, an shafa masa tawada a ɗan yatsa. Amma a lissafin da ƙawancen rigakafi na Gavi da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bi, yaron da bai samu allurar Penta ta farko ba, wadda ake yi a cinya a mako na shida, yana cikin waɗanda rigakafi bai taɓa kaiwa gare su ba, ko ɗigo nawa ya sha. Najeriya tana da irin waɗannan yara fiye da miliyan 2. Mai neman su in ya shiga gida da tambayar "an yi masa rigakafi?" zai wuce su yana murna. Maganin kariya daga zazzaɓi da ake rabawa da damina, wanda Katsina na cikin jihohin da aka fara shi a 2013, na 'yan wata 3 zuwa 59 ne, kuma ƙunshin 'yan ƙasa da shekara ɗaya daban yake da na manyansu. A nan gurbin shekaru shi ke yanke yawan ƙwayar da za a ba yaro, a garin da yara da yawa ba su da takardar haihuwa.

Akwai ma wani ƙaramin abu da sai wanda ya zauna gaban allon kwamfuta ke lura da shi. Rahotannin wata-wata suna shiga manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar gina ta. Kowane gurbi a cikinta yana da zaɓi: a adana sifili, ko kada a adana. In ba a adana ba, cibiyar da ta duba ba ta ga mai ƙyanda ko ɗaya ba, da cibiyar da ba ta ma cike gurbin ba, kamanninsu ɗaya a rumbu. Ga mai sa ido kan annoba, ta farko labari ne mai daɗi, ta biyu kuwa ita ce ya kamata ya hau babur ya je ya gani.

Ta'arifi kuma yana buƙatar kwanan wata, domin yana sauyawa. A lissafin ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce marasa aikin yi kashi 33.3 ne cikin 100. A na farkon 2023 ta ce 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe ba. Da, wanda bai kai awa 20 yana aiki a mako ba, mara aiki ne. Yanzu awa ɗaya ta neman kuɗi a cikin kwana bakwai ta isa a ce yana da aiki. Za ka ce ga shi nan, ta'arifi ya zama makamin 'yan siyasa. Ni kuma in ce, da ba a rubuta tsohon da sabon a fili ba, da me za mu kama wanda ya jera lambobin biyu yana cika baki? Haka yaran da ba sa zuwa makaranta: UNICEF ta daɗe tana cewa miliyan 10.5, UNESCO a 2022 ta ce kusan miliyan 20, don ita ta faɗaɗa shekarun daga 6 har 18. Almajirin da ya haddace izu talatin kuma, a lissafin gwamnati, yana cikin marasa makaranta muddin allo kaɗai yake yi. Mutum na iya yarda da wannan ko ya ƙi, amma sai an rubuta sannan za a samu abin yin gardama a kai.

Ƙidayar 2006 ma, wadda har yau ita ce ta ƙarshe, an yi ta daga 21 zuwa 27 ga Maris bisa ƙa'idar a ƙirga mutum inda aka same shi. Maris tsakiyar rani ne, don haka duk ɗan ciranin da bai dawo ba, a garin da ya je aka rubuta shi. Daga mutum miliyan 5.8 da aka ba jihar Katsina a lokacin ake ta ƙari shekara-shekara, a raba wa mazaɓu, a ce kashi 4 cikin 100 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne, kashi 20 'yan ƙasa da biyar, kashi 5 masu ciki. Wannan shi ne "adadin da ake sa ran kaiwa" da ake auna ƙoƙarin ma'aikaci da shi. Hasashe ne a kan hasashe, kuma ya kamata gurbin ya faɗi haka da bakinsa, kafin a kira wanda ya kai kashi 120 maƙaryaci, wanda ya tsaya a 40 malalaci.

Na'urar da kake nema kuwa, Malam, ba ta zuwa wayam. Kafin ta iso Fakuwa wani ya riga ya zauna a Abuja ko Legas ya tsara mata gurabe, ya zaɓi amsoshin da za ta karɓa, ya sa ta ƙi wucewa in ba a cike shekaru ba, ya sa ta ƙi bayar da gidan sauro fiye da huɗu. Duk waɗannan ta'arifi ne, sai dai an binne su a cikin manhaja, inda mai unguwa ba zai karanta ba, hakimi ba zai iya cewa a gyara ba. Ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, wani zai yanke, kuma mai yiwuwa bai taɓa jin kalmar gandu ba. A takarda ma'aikaciya tana iya ƙara bayani a gefen layi ta ce jaririn ya motsa amma bai yi kuka ba, mai duba aiki ya gani ya gyara. A na'ura dole ta danna ɗaya daga biyun, kuskuren ya isa Abuja kafin gari ya waye, ya shiga jadawali mai launi da ba wanda zai yi zarginsa.

Saboda haka in za a sayo, a sa sharaɗi a takardar kwangila: duk kamfani ko ƙungiyar da ta kawo manhajar tattara bayanai jihar nan ta miƙa kundin ma'anar kowane gurbi, da Hausa da Turanci, da ma'aunin da ake amfani da shi, da ranar da ma'anar ta fara aiki, da sunan ofishin da ke da ikon sauya ta, wanda ma'aikaci zai kira in ya ci karo da gidan da ta'arifin bai hango ba. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha tana iya sa wannan sharaɗi, majalisar dokokin da ke amincewa da kuɗin ma tana iya nema kafin ta sa hannu.